Tela da Hular Wayoyi

Wani tela ne, gwani na gaske in dai da safe ne. Amma da rana ta take sai ya ce bari ya je ya sayo zare. Zaren nan kuwa a kwalba ake sayar da shi. In ya dawo, allura ɗaya sai ya ga uku, ya rasa wadda zai ɗauka.

Wata rana ya ɗinka wa wani malamin makaranta wando. Ƙafa ɗaya ta tsaya a gwiwa, ɗaya tana sharar ƙasa. Malamin ya zo yana kumfar baki. Tela ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, wando lafiyarsa ƙalau. Ka je a duba ƙafarka."

Labari ya kai gida. Matarsa ta haɗa kayanta, ta dire akwati a bakin ƙofa, ta ce ya zaɓa, ko ita ko kwalba. Tela ya hau nazari. Da nazarin ya yi tsawo sai ta suri akwatin. Yayansa ne ya tare ta a hanya, ya ba ta haƙuri. Ya ce ya ji labarin wani likita mai horar da ƙwaƙwalwa da na'ura, ba allura, ba ƙwaya, mutum ya bar giya da kansa.

Washegari suka tisa ƙeyarsa zuwa asibiti. Aka zaunar da shi gaban kwamfuta, aka shafa masa wani mai mai sanyi a ka, aka kifa masa hula mai wayoyi fal. Likita ya nuna masa hoton wata 'yar mota a allo.

"Ka ga motar nan? In ƙwaƙwalwarka ta natsu, za ta tafi. In ta birkice, za ta tsaya. Da haka za ka koyi danne sha'awar abin da kanka."

Tela ya ce, "Likita, tsakani da Allah, abin nan yana ganin abin da mutum yake tunani?"

"A'a, motsin ƙwaƙwalwa kawai na'urar take aunawa."

Bai rufe baki ba na'ura ta ce ƙit! Tela ya zabura.

"To, tunda ta riga ta faɗa, bari in faɗa da bakina. Akwai kwalba biyu a tankin bayi."

Ƙit!

"Da ɗaya a ƙarƙashin keken ɗinki."

Ƙit! Ƙit!

"Haba baiwar Allah, ba kya rufa asiri? To, da ta cikin buhun shinkafa. Kuma ranar da na ce an yi wa abokina rasuwa, babu wanda ya mutu."

Likita ya leƙa bayan kan tela ya ce, "Bawan Allah, waya ce ta zame a bayan kunnenka, shi ya sa take ƙara. Bari in gyara."

Matar ta riƙe hannun likita. "Bar ta a zame, Likita. Shekara goma sha biyu ban taɓa jin gaskiya mai yawan wannan ba."

Da ƙyar aka fara horo. Tela ya ƙura wa mota ido. Ya cije leɓe, ya yi yunƙuri kamar mai naƙuda, har jijiyar wuyansa ta tashi. Mota ko gezau.

"Ka natsu mana!" in ji matar, a daidai kunnensa. "Ko a nan ma sai ka ba mu kunya?"

Likita ya roƙe ta ta ɗan jira a waje. Tana jawo ƙofa, mota ta matsa taku ɗaya. Tela ya juyo a hankali ya ce, "Yaya, kai ne shaida. An gano cutar. Ga ta can a waje zaune a benci."

Yayan ya ce, "Rufe mini baki ka tuƙa motarka."

Likita ya ce ya lumshe ido ya tuna wurin da hankalinsa ya fi kwanciya. Lambu, ko bakin kogi. Tela ya gwada kogi, sai ya tuna bai iya ruwa ba. Ya gwada lambu, sai sauro. Can sai ga teburinsa na ƙuryar mashaya ya faɗo masa. Ga fanka na juyawa. Ga kwalba ta fito daga firji tana zufa. Ga kumfa na hawa a hankali, a hankali.

Ai kuwa mota ta ɗiba a guje!

Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce shekararsa tara yana wannan aiki, bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa mai saurin ɗaukar darasi haka ba. Tela ya sunkuyar da kai ya ce baiwa ce, ba yin kansa ba.

Haka aka yi zama ashirin. Kullum mota sai ƙara gudu take yi, don kullum tela yana ƙara wa teburin kwalba ɗaya. Har likita ya riƙa kiran abokan aikinsa su zo su ga ikon Allah. Ranar sallama ya buga masa takarda mai zane-zane, ya ce ƙwaƙwalwa ta koma garau kamar ta jariri.

Kwana uku da sallama, da rana tsaka, sai ga su sun dawo. Yayan na riƙe da hannu ɗaya, matar na riƙe da ɗaya, tela a tsakiya yana tangaɗi. Ga ƙulu a goshi, takalmi ƙafa ɗaya, tef ɗin awo rataye a wuya yana ɗigar ruwan kwata.

Matar ta ce, "Likita, barka da aiki. Ga ɗalibinka da ya zo na ɗaya. A kwata muka tsamo shi, yana ba agwagi haƙuri wai ya shigo musu ba sallama."

Likita ya zaro takardar. "Ba zai yiwu ba! Ga sakamako nan! Kai, ba ni da kai muka horar da ƙwaƙwalwar nan ba? Ba ta daina ba?"

Tela ya ɗaga yatsa ɗaya, ya saita shi da ƙyar a kan likitan tsakiya daga cikin ukun da yake gani.

"Ranka ya daɗe, kar ka ga laifinta. Ita ta daina, har wa'azi take mini a hanya. Maƙogwaro ne ba ku sa wa hula ba."