Umarnin Gogewa Ne Na Ɗaya

Jiya na je ofishin rajista karɓo takardar haihuwar jikata, domin makarantarsu ta ce da ƙarfe huɗu za ta rufe ɗaukar ɗalibai, wanda bai kawo ba sai baɗi. Na tarar da akawu a gaban kwamfuta mai baƙin allo, irin wadda ba ta motsi sai an rubuta mata umarni, yana fama da littafin umarnin, mai kaurin bulo.

"Baba, sunanta yana ciki," in ji shi. "Umarnin nemo shi ne na rasa."

Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. Ni da na koyi karatu da furfura a gemu, abu ɗaya na riƙe gam: haruffa suna da jeri. Na ce, "Ɗana, bi ta harafi mana."

Ya yi dariya. Ashe kwamitin da Mai Girma Shugaban ƙaramar hukumarmu ya kafa, wanda ya kwana goma sha biyu a otal kan rubuta littafin, bisa girman muƙami ya jera umarnin. Wanda Shugaba ke amfani da shi ne a gaba, sai na mataimakinsa, har a gangaro kan na akawu, in an tuna da shi. Shafi arba'in na farko kuwa hotuna ne da jawabin godiya.

"To, wane umarni ne na ɗaya?"

"Na gogewa, Baba, mai share bayanai."

Allah Ya ja zamanin Shugaba! Mutum ne mai son tsabta.

Uku da rabi ta gota, gumi ya jiƙa mini hula. Sai wata dattijuwa mai buga takardu ta waiga hagu da dama, ta zaro wata 'yar takarda daga ƙarƙashin teburinta. Da hannu ta rubuta, ta raba umarnin bisa aiki: na nema daban, na gyara daban, na bugawa daban. Cikin minti biyu takardar jikata ta fito da ɗuminta.

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ce, "Rufa mini asiri, Baba. Wanda ya fara rubuta irinta yanzu yana sito yana kaɗe ƙura, wai ya raina kwamiti."

Jikata dai ta samu shiga, saura minti biyar. A hanyar gida na ja kunnenta: ta yi karatu da kyau, amma in Allah Ya ba ta basira, ta riƙa ajiye ta a ƙarƙashin tebur.