Rigakafi a Rijiya

Wani ne a ƙauyenmu na tsibirin Kirit da ke ƙasar Girka, ciwon ɓarin kai ya sa shi gaba. In ya taso masa, ko kukan akuya ya ji sai ya yi ta birgima. Kullum sai ya ruga wurin goggonsa Stamatiya, ta ɗiga man zaitun a kofin ruwa. In man ya baje, to kambun baka ne, masu hassada sun kama shi. Sai ta yi tofi, ta yi ta hamma, wai alamar kambun na fita, ya ɗan samu sauƙi.

Da abin ya ishi matarsa Argiro, ta tura shi birni ganin likita.

Likita ya ce, "Ka rage soye-soye da man kanti. Ka riƙe man zaitun da kifi mai maiƙo. Kada ka jira ciwon ya zo, rigakafi ake yi."

Ya ce, "Likita, duk karatun nan da ka sha, ashe aikin Goggo ka koyo? Kifi kawai ka ƙara!"

A mota ya yi ta tunani. Ɗigo a kofi, sauƙin yini ɗaya. To na shekara fa?

Ya iso gida Argiro na coci. Ya jawo randar man da suka tatsa bana, wanda shi za su ci har kaka ta zagayo, ya juye a rijiyar gida. Ya bi shi da kwandon kifin sardin. Ya zauna a bakin rijiyar yana shafa kai, wai har ya fara jin dama.

Argiro ta dawo, ta zura guga, ta jawo kifi yana ninƙaya cikin mai. Ihun da ta kurma ya tara unguwa.

"Kai! Man shekara guda! Me za mu ci?"

"Kwantar da hankalinki, uwargida. Umarnin likita ne."

Goggo ta ratso mutane da sandarta, ta leƙa. Mai ya baje daga bango zuwa bango. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo ɗana! Tun da nake ban taɓa ganin kambun baka irin wannan ba. Gari guda ne ke hassadarka!"

Gogan naka ya miƙe yana hura hanci. "Kin ji ko? Gari guda!"

Argiro ta dubi randar, ta dubi rijiyar, ta dube shi.

"To rigakafi ya yi. Daga yau ba wanda zai sake yi maka hassada a garin nan."