Gaisuwata ta isa, kukana ya tsaya a hanya

Da takalmi ɗaya na isa shagon ɗinkina ranar nan. Ɗayan kwatar ƙofar gidanmu ta karɓe, ban kuwa yi gardama da ita ba, don ta fi ni ƙarfi. Kwatar nan tun bara ta toshe. Da ruwa ya rasa hanya, sai ya samu wurin hutawa a gindin bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Bangon ya jiƙe, ya kumbura, ya tsage har hannu yana shiga. Ga damina ta kawo kai. Tsohuwa kuma ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan ta zauna da mahaifinmu, a cikinsa za ta ƙarasa.

Kada ku ce ba mu yi namu ba. Mu mazan layin mun shiga da shebur har gwiwa, amma toshewar tana can ƙarƙashin kwalta, inda sai motar zuƙe dagwalo ke iya kaiwa. Motar kuwa tana hannun Ranka-ya-daɗe, Babban Mai Kula da Kwatoci, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi.

Mai gyaran waya na bakin layinmu ne ya ce mana kai ya waye, yanzu ba a zuwa ofis a yi ta zaman benci. Mutanen Ranka-ya-daɗe sun buɗe shafi a intanet don jin ra'ayin jama'a. Na leƙa, na ga aiki. Ga Ranka-ya-daɗe da hular kwano sabuwa fil yana nuna kwata da yatsa. Ga shi kuma yana nuna wata kwatar da ɗaya hannun, don kada a ce ya nuna bambanci. Duk wanda ya rubuta "Allah ya ja zamaninka", kafin ya ƙifta ido an amsa masa da godiya, har da ɗan hoton zuciya ja.

Maƙwabcina mai wanki, wanda ba ya iya tauna magana, ya rubuta: "Kwatarmu ta toshe, ku zo ku gyara." Kafin ya mayar da waya aljihu rubutun ya ɓace. Ya sake, ya sake ɓacewa. A na gaba shi kansa aka toshe. Mutanen da suka kasa buɗe kwata, ashe gwanaye ne wajen toshe mutum.

"Kai ma dai, Malam," na ce masa, "ka faɗa wa manya haka ba sallama ba gaisuwa? Ko gidan surukai ka shiga a haka ai korar ka za a yi. Bari ka ga yadda ake yi."

Na zauna a tsakar gida na fara, Inna tana gefe tana ba da umarni.

"Ka yi masa sallama?"

"Na yi, Inna."

"Ka tambaye shi gajiya. Ka gaida iyali. Ka ce muna ganin ƙoƙarinsa."

"Wane ƙoƙari, Inna?"

"Kai dai rubuta. Haka na koya maka roƙon mutane, ka fara da abin da ya kawo ka?"

Na rubuta. Na gaishe shi, na gaida iyalinsa, na yaba ƙoƙarin da ban gani ba, na yi masa addu'ar gamawa lafiya. Sai can ƙasa, cikin ladabi, na ce sai dai fa akwai ɗan bango da ke shirin faɗo wa tsohuwa.

Abin da ban sani ba, wayar zamani ba ta da haƙurin gaisuwarmu. Layukan farko kawai take nunawa, sauran ta naɗe su ƙarƙashin wani ɗan rubutu da sai an danna. A ofishin Ranka-ya-daɗe kuwa, da alama ba a ɗauki mai dannawa aiki ba tukuna.

Amsa ta zo nan take, da zuciya ja. Na yi ta nuna wa mutane ina taƙama. Kashegari suka ɗauki hoton gaisuwata, iya inda ta tsaya, suka kafa a saman shafi, suka rubuta: "Jama'a sun shaida aikinmu."

Mai wanki ya tare ni a ƙofar gida. "Sannu, maroƙin fada. Me aka ba ka?"

Rantsuwa na yi ta yi masa, ya wuce yana tsaki.

Ana nan sai ga motar zuƙe dagwalo ta shigo unguwa. Ta yi layin gabanmu, ta yi na bayanmu, ta wuce namu kamar ba ta san shi ba. Na bi ta a guje, tef ɗin awo yana lilo a wuyana.

"Direba, namu fa?"

"An ce layinku ba matsala. Wani tela ma har godiya ya rubuto."

"Ai ni ne telan!"

"Kai ne? To madalla, mu ma mun gode." Ya ja motarsa.

Na koma na rubuta musu gaskiya tsirara, ba sallama ba addu'a. Ta ɓace. Na sake, suka haɗa ni da mai wanki. Gaisuwata dai tana nan a saman shafi tana yi musu aiki, mai ita kuwa an hana shi shiga.

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Allah ya taimaka maiɗakina ta lallaɓo Inna falo za ta yi mata kitso. Muna zaune muka ji rugum. Bangon ya tafi gaba ɗaya, rabi kan gadonta, rabi cikin kwata. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da rabin kitso tana kallon gadon. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, na kasa haɗa ido da ita.

Amma a yaba wa gwamnati inda ta yi abin yabo. Jiya da sassafe sai ga mutanen Ranka-ya-daɗe, mota guda, kowa da hular kwano. Ba su zo da shebur ba, da kyamara suka zo. Suka ɗauki hoton ɓaraguzan, suka ɗauke ni tsaye a kai, suka ce in kwashe kafin su dawo. Da rana hoton ya hau shafi: "Ga irin waɗanda ke zuba ƙasa a kwata suna ɓata mana aiki."

Yanzu haka mutanen da ban taɓa gani ba suna ta yi mini wankin babban bargo a ƙarƙashin hoton. Wannan ya ce ƙazami, wancan ya ce a kama ni, wata ta ce da gani ban samu tarbiyya a gida ba. Na sa mai gyaran waya ya duba mini a tasa wayar, ya ce ko ɗaya ba a goge ba, kowanne ma an ba shi zuciya ja.

Saboda haka duk wanda ya ce ofishin Ranka-ya-daɗe ba ya jure zagi, ya yi masa ƙazafi. Yana jurewa ƙwarai, in dai ni ake zagi.