Ranar da Manya Suka Zo Yaƙi da Wereng

Jama'a, yau na sha rana tun hantsi har azahar a bakin gona, riƙe da tutar takarda. Wai Mai Girma Sarkin Yaƙin Ƙwari zai zo ƙauyenmu ya ƙaddamar da farmaki a kan wereng, ɗan ƙwaron nan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai maƙalewa a gindin shukar shinkafarmu yana tsotse ruwanta har gona ta koma kamar an cinna mata wuta. Wata biyu muna kai kuka. Tawa gonar ta riga ta bushe ƙamas. Ihu bayan hari ke nan, amma da lasifika.

Mai Girma ya sauko daga mota da sabon takalmin roba, ya dubi gonakinmu, ya yamutsa fuska. "Waɗannan ba za su yi kyau a hoto ba. Babu koriya?"

Akwai guda ɗaya, ta Mbah Sarijo, wato Kaka Sarijo, tsohon da bai taɓa feshi ba. Gizo-gizo da kwaɗi ke masa gadi.

Tsoho ya tare hanya, ya rusuna. "Bapak, yallaɓai, ranka ya daɗe, tawa lafiyarta ƙalau. Maganin nan gizo-gizo yake fara kashewa. Wereng kuwa ƙwansa na cikin kara."

"Mbah, ka yi karatun noma ne?"

"A'a, Bapak. Noman kawai na yi."

Aka kwashe da dariya, aka janye shi gefe. Mutum ashirin suka afka gonar da tankunan feshi, Mai Girma a gaba. Mai ɗaukar hoto ya ce rana ta ɓata fuskar Mai Girma, a sake. Sau uku aka sake. Kai, Allah ya ƙara mana shugabanni masu ƙwazo!

Daga nan suka koma rumfa suka narki shinkafa da soyayyar kaza. Mu aka raba mana huluna.

Da la'asar na tarar da Mbah tsugune, yana tsamo matattun gizo-gizo daga ruwan gonarsa. Maƙwabciyata Yu Tumirah ta ja ni gefe. "Kang, yayana, nan da kwana goma ƙwan wereng zai ƙyanƙyashe, kuma ba mai cinye 'ya'yan. Me tsohon nan zai ci bana?"

Na ce, "Haba Yu, ba ki ji jawabin Mai Girma ba? Ya ce an ceto hekta ɗari."

"To, sai ya dafa jawabin."

Ni dai na fara ganin mutuncin wereng. Shi in zai tsotse ka, ba ya cewa ka tafa masa tukuna.