Ranar da Na Kashe Baba da Waya

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe Babanmu ba. Kwantar da hankalinka, ba da wuƙa ba ne. Da wayar hannu na yi, ina tsaye a barandar asibiti, sanye da kwat a cikin zafin Douala ta ƙasar Kamaru. Har yau in na ratsa unguwarmu New Bell akwai dattawan da in sun hango ni sai su kau da kai suna gyara hula, ni kuwa na san dariya suke ɓoyewa.

Baba mahauci ne, a kan teburin nama ya tsufa. Mu biyu ne 'ya'yansa maza: Yaya Hamidu mai shagon walda a Nkololoun, sai ni da aka sa boko har na samu aikin ofis a Akwa. Tun ranar da na fara sa kwat Baba ya raɗa mini suna Misye, wato monsieur na Faransawa, sunan kuwa ya bi ni. Duk abin da ya shafi manyan ofisoshi da Faransancin masu ilimi, ni ake turawa gaba. (In faɗi gaskiya, ina jin daɗin hakan fiye da kima.)

Ciwon ya fara ne da haki. Mutumin da ke saɓa cinyar bijimin sa a kafaɗa ya koma daga gida zuwa masallaci sai ya dafa bango ya huta. Ƙafafu suka kumbura, kwanciya ta gagara sai a jingine. Da aka yi hotuna aka ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyarsa, wadda ke buɗewa jini ya wuce ta rufe, ta ƙandare ba ta buɗuwa sosai. Magani ɗaya ne, a buɗe ƙirji a sa sabuwa.

Likitar da za ta yi aikin mace ce, gajeriya, mai magana a hankali. Ta zaunar da ni da Baba, ta zana zuciya, ta yi ta bayani dalla-dalla. Ni kuwa me nake yi? Ina can ina shirya tambayar da zan yi mata da Faransanci mai nauyi, don ta san ba da ɗan tasha take magana ba. Duk inda ta ɗan tsaya sai in gyaɗa kai in ce, "Oui, docteur. Parfaitement." Wato na gane sarai. Baba ya zungure ni ya ce, "Me ta ce ne haka da tsawo?" Na ce, "Cewa ta yi za su gyara." Abu ɗaya na fassara masa daidai, cewa sabuwar ƙofar da tantanin zuciyar bijimin sa aka yi ta.

Ya ce, "Sa? To madalla. Na gama yanka su, yanzu kuma su za su riƙe ni. Allah Ya sa ba su da riƙo."

Ranar da za a kwantar da shi, bayan ya sallame la'asar, ya kira ni gefe. Ba wasa a fuskarsa.

"Misye, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Firiji nake tsoro."

Wanda bai zauna a Douala ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba, in an yi musu rasuwa, gawa kan yi makonni a ɗakin sanyi na asibiti, har dangi su taru daga nesa a ɗinka anko a shirya. Al'adarsu ce, muna zuwa musu ta'aziyya suna zuwa mana. Amma mu in rai ya fita da hantsi, so muke kafin rana ta faɗi an rufe mutum an dawo. Kuma kowa a unguwa ya san labarin wanda aka yi jinkiri kaɗan, aka tura shi can, fito da shi ya zama aiki.

"Na san abin da firiji ke yi wa nama," in ji Baba. "In abin ya zo, kada in kwana a ciki. Ɗaukar min alkawari."

Na ɗauka.

Ranar aikin mutum ɗaya aka yarda ya zauna a bakin ƙofa, kuma ka san wanda aka zaɓa. Inna tana gida da carbi, Yaya yana shago ya kasa kunna inji. Tun safe nake kan benci. Azahar ta yi ta wuce, ba wanda ya leƙo. Can sai ƙofar ta buɗe da ƙarfi, aka turo gado da sauri, mutane sun kewaye shi ba mai magana. Na miƙe na hango fuskar Baba, ta kumbura ta yi fari fat, an manne idanunsa, an lulluɓe shi har haɓa. Ƙafarsa ɗaya ta leƙo daga bargo. Na kai hannu na taɓa.

Sanyi ƙalau.

Ni fa na sha kamawa a wankan gawa a unguwa, na san wannan sanyin. Na ce, "Baba!" Ko motsi. Wani ya ture hannuna, suka shige wata ƙofar aka rufe. Ina nan tsaye sai ga wata nas ta miƙo min leda, hularsa da carbinsa da zobensa da takalmansa a ciki, ta dafa kafaɗata ta wuce da gudu. (Daga baya na ji tun safe take nemana ta ba ni kayan, ina can ina kai-kawo.) To a New Bell in asibiti ya miƙo maka kayan mutum a leda, ba ka buƙatar ƙarin bayani.

Na dubi rana, ta fara karkata. Alkawarin nan ya faɗo min a rai. Ban nemi likita ba, ban tambayi kowa ba, na ciro waya.

"Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika."

Ya yi salati, sannan ya ce, "Tsaya nan kada su taɓa shi. Bar min sauran."

Jama'a, in kana neman aikin da mutanenmu suka iya ba tare da taro ko shugaba ba, to jana'iza ce. Hanyar unguwarmu ta shekara tana cin ruwa ba a gyara ba, amma kafin in gama kukan farko a kan matakala an sanar a lasifikar masallaci. An shimfiɗa tabarmi, an kafa rumfa, an tare layi da benci. Mahauta sun rufe tebura. Tela ya yanka likkafani. Majiya ƙarfi sun tafi maƙabarta suna haƙa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna kuwa mata sun kewaye ta, ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta shiga takaba.

Ba a jima ba motar masallaci ta shigo harabar asibiti da makara a baya. Liman ne a gaba, sai Yaya da idanu jajur, sai dattawa. Na share hawaye, na gyara kwat, na shige musu gaba. A raina na ce yau ranar da bokona zai yi wa Baba amfani na ƙarshe ce. Na isa teburin nas-nas, na buga shi da tafin hannu, na saki Faransancin da ban taɓa yin irinsa ba ko a gaban shugaban ofishinmu. Na ce mu Musulmi ne, muna da haƙƙi, ba za a kai mahaifinmu ɗakin sanyi ba, a ba mu gawarmu yanzu-yanzu. Masu jinya suka fito daga ɗakuna suna kallo.

Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Wace gawa?"

Na faɗi sunan Baba da ƙarfi.

Sai ga likitar nan ta fito, hular aiki na kanta, kofin shayi a hannu, gajiya ta cika mata ido. Ta saurare ni har na gama. Ta dubi Liman, ta leƙa ta taga ta ga makara, ta ajiye kofin a hankali ta ce mu biyo ta. Ta tsayar da mu a gaban wani gilashi. Ga Baba can a kwance, bututu a baki, ƙirjinsa na hawa yana sauka, wani koren layi na tsalle a allo a saman kansa.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce sun tsaga ƙashin ƙirji, sun juya jininsa zuwa na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, sun sanyaya jikinsa da gangan, sun tsayar da zuciyar don ba a ɗinki a kan abin da ke motsi. Da suka gama sa ƙofar suka sake mata jini, ta tashi da kanta. Yanzu barcin magani yake, ana ɗumama shi sannu a hankali.

"Duk na gaya maka wannan, monsieur. Na ce zai fito da sanyi, a kumbure, kada ka tsorata. Ka ce min parfaitement."

A Douala ko mai tallan goro yana jin Faransanci daidai gwargwado, don haka ba wanda ya buƙaci in fassara masa kunyata. Yaya ya manna goshi a gilashin yana kuka kamar yaro. Liman ya ɗaga hannu ya yi hamdala mai tsawo, sannan ya juyo gare ni.

"To, Misye. Mu za mu mayar da makara. Kai kuma za ka je ka gaya wa mahaifiyarka da bakinka."

Na hau bensikin, wato ɗan acaɓanmu na nan, ina addu'ar Allah Ya sa hanya ta cushe. Ranar kuwa kamar an share ta. Ina sauka mutane suka taso daga tabarmi suna miƙo hannu, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa." Har na ji bakina ya amsa wa wani da amin.

Dariyar labarin nan a ƙofar ɗakin Inna take ƙarewa. Na same ta a ƙasa a kan tabarma, ta lulluɓa, cikin 'yan sa'o'i ta koma wata tsohuwa da ban sani ba. Na durƙusa na ce, "Inna, Baba na nan da rai. Ni ne na yi kuskure."

Ta daɗe tana kallona. "Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi."

"Ɗazu ma ai da idonka ka gani."

Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta lalubo 'yan kunnenta za ta mayar, ta kasa samun hujin, sai ta riƙe su a tafi ta fashe da kukan da matan suka ce ko da labarin mutuwar ya zo ba ta yi irinsa ba. Ni na jawo mata wannan.

Baba ya farka, aka cire bututu, aka fara zaunar da shi. An so a ɓoye masa, amma wa zai ɓoye irin wannan a New Bell? Ɗan dubiya na farko ya fesa masa. An ba shi wani ɗan matashi da zai riƙa rungumewa in zai yi tari, saboda ƙashin ƙirjin da wayar ƙarfe aka ɗaure shi. Sai ga shi ya ƙanƙame matashin yana dariya yana cije leɓe don zafi.

"Misye, an cika kuwa? Su wa suka zo?"

Sai da na lissafa masa. Ya juya wajen Inna ya ce, "Ke fa, kin yi kuka?" Ta kau da kai ta ce, "Mura nake yi ranar." Da ya ji cewa a kabarin da aka haƙa masa, washegari aka sa wani baƙo daga Arewa da ya rasu ba shi da kowa a gari, sai dariyar ta tsaya. Ya yi masa addu'a, ya ce a nemo sunansa.

Aikin ya yi kyau, wannan ba shakka. Baba ya koma tafiya masallaci ba dafa bango, ya kwanta a miƙe ya yi barci, ya yi azumi, ya ɗauki jikarsa ranar suna. Amma likitar ta faɗa mana, kuma wannan karon na saurara har na sa ta maimaita, cewa an zo a makare. Ƙofa ta gyaru, naman zuciyar ne ya riga ya gaji, kuma shi ba a iya sauya shi. Da damina ta biyu ta kama, hakin ya dawo, ruwa ya taru a huhu, muka koma asibitin nan.

Da hantsi ne, ni kaɗai ke wajensa. Yana jingine, ina ba shi labarin ofis, ya ce in daina cika shi da surutu. Ya yi kalmar shahada a hankali, ya ja numfashi, na jira na gaba bai zo ba. Na kira nas, ta duba, ta kira likitar nan, ta duba, ta rufe masa ido ta ce min sai haƙuri. Na ce ta sake dubawa. Ta sake. Hannunsa na cikin nawa da ɗuminsa, na ce ina roƙonta ta jona masa allon nan in gani da kaina. Ta tsaya ta dube ni, ta gane ni sarai, ta jona. Layin ya miƙe bai motsa ba.

Na daɗe da waya a hannu kafin in kira Yaya. Da na faɗa masa bai yi salati ba tukuna. Sai ya ce da wata ƙaramar murya, "Misye, ka tabbata?"

Ba gori yake min ba. Roƙona yake.

Tun daga lokacin, in likita na magana nakan rufe bakina in buɗe kunne, in ban gane ba in ce ban gane ba, ko da kwat a jikina. Kuma na bar sanar da rasuwa, ko kazar maƙwabci ce ta mutu sai dai wani ya faɗa. Amma ranar nan, da waya a kunnena, wallahi da za a ce in sake tara unguwa a banza, a sake kawo makara a mayar, a yi min dariya har in tsufa, da gudu zan karɓa.

Na ce, "Na tabbata, Yaya."