Yadda Za Ka Zaɓi Kwamfutar Gida Ba Tare da Ka Taɓa Yin Kuskure Ba

Kai maigida, matso kusa. Iyali sun sa ka gaba da maganar kwamfuta, kai kuma kana tsoron sayo wadda abokai za su yi maka dariya? Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan daki-daki, na ɗau maka alkawari ba mai cewa ka yi zaɓen tumun dare. Ba da ka na ƙirƙiro su ba, a wajen gwani na koya: mijin yayata, wanda dangi ke kira Bari-Tukuna. 'Yarsa ta fari, da ake ce wa 'Yar Baba, ita ta fara roƙo. Jarrabawar shiga jami'a na tafe, a kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ko da wasa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. Kada ka ce babu ce ta hana shi, kuɗin na nan. Sani ne ya yi masa yawa.

Mataki na 1: Amsa da babbar murya

Kada ka kuskura ka ce a'a, a'a ta marowata ce. Daki ƙirji ka ce, "Kwamfuta kawai? An gama! Amma ba kowace tarkace za ta shigo gidan nan ba." Haka Bari-Tukuna ya yi, yarinya ta yi tsalle ta rungume shi. Ka ga ka sha godiya tun ba ka motsa daga kujera ba.

Mataki na 2: Fara da tebur

Wa ya taɓa sayen doki bai kafa turke ba? Kira kafinta ya auna kusurwar falo. Sayo kujera mai juyawa, da mayafin kare ƙura, da abin kare wuta in ta zo da ƙarfi. Teburin Bari-Tukuna ya yi kyau, har baƙi na tambayar wa ya ƙera. Ba a jima ba yayata ta fara guga a kansa.

Mataki na 3: Nemi shawarar waɗanda ba sa shiri

Mai shawara ɗaya haɗari ne, yana iya sa ka yanke hukunci. Nemi biyu. Abokin aikin Bari-Tukuna ya ce ta cinya ce ta zamani, ga batir in an ɗauke wuta. Ƙaninsa ya ce ta cinya ai ƙwai ce, faɗuwa ɗaya sai kuka, a sayi ta tebur. In ya ji kamar ɗaya zai rinjaye shi, sai ya kai wa ɗayan maganar, a dawo farko. Bayan cin abinci kuma ya kishingiɗa da waya yana kallon masu kwatanta kwamfutoci, yana girgiza kai kamar alƙali.

Mataki na 4: Je shago, amma ka bar niyya a gida

Taɓa kowace. Ɗaga ta ka ji nauyi, ƙwanƙwasa murfin, kara kunne ka ji ko tana huci. Mai shago ya tambayi Bari-Tukuna, "Ranka ya daɗe, me za a riƙa yi da ita?"

"Karatun yarinya ne."

"To ai wannan ma ta isa har ta yi yawa."

Isa! Ka ji zagi? In mai arha ce, ka ce araha ba ta ado. In mai tsada ce, ka ce suna kawai ake sayarwa. In ko ka haɗu da wadda ba ta da aibi, to ga makamin ƙarshe: ka ji an ce sabuwar fita na nan tafe. Wannan magana ba ta taɓa zama ƙarya ba, kullum akwai wata tafe.

Mataki na 5: Toshe ƙananan hanyoyi

Nan ne da yawa ke faɗuwa. Iyali za su fara neman mafita a bayan idonka. Yayata ta ce, "Baban yara, ga shagon buga takardu a bakin titi, suna koyarwa. Bari ta riƙa zuwa kafin ta gida ta iso. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya ce, "'Yata? A kwamfutar haya, da kowane hannu ya jagwalgwala? A ce na kasa? Ta gida na hanya."

Maƙwabciya ta ce ga tsohuwar ta ɗanta, a ara. Ya kunna, ya ga ta daɗe tana tunani kafin ta buɗe, ya mayar mata da ita yana godiya. Ka kiyaye: mutuncin maigida ya fi gaban aro.

Mataki na 6: Yaba wa mai haƙuri

Wata ranar hutu ya tarar da 'Yar Baba zaune a kujera mai juyawa. Ta yanko kwali, ta zana madannai a kai, kowane harafi a gidansa, ta kwafo daga littafin makaranta. Tana bugawa da yatsu goma, bakinta na motsi. Wallahi abin ya taɓa shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, har ya shafa aljihu ya ji mukullin mota.

Hattara, wannan lokacin rauni ne! Yi abin da ya yi: ɗauki hotonta ka aika wa dangi, ka rubuta, "Irin wannan hazaƙa ai sai kwamfuta ta gaske." Sannan ka koma bincike da sabon ƙarfi.

Mataki na 7: Ranar jarrabawa, yi addu'a

Ya kai ta da kansa, ya jira a mota. Da ta fito ba ta dube shi ba. Sai a gida ya jiyo ta tana gaya wa uwarta a ɗaki: haruffa duk ta san inda suke, amma kwalinta ba shi da linzami, ɗan abin nan da ake ja da hannu don nuna amsa. Tana ja, kibiyar da ke kan allo na gudu. Kafin hannunta ya saba lokaci ya ci rabi, garin sauri kuma ta danna inda ake miƙa jarrabawa gaba ɗaya, allo ya rufe. Tambayoyin kuwa ta san su, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Mataki na 8: Yanzu ka saya

Gaggawa ta wuce, hankali ya kwanta. Bayan ƙawayenta sun ja akwatuna sun tafi jami'a, Bari-Tukuna ya shigo da kwamfuta a kafaɗa. Gaskiya ɗaya ce, ya iya zaɓe: abokin aikinsa da ƙaninsa duk sun sara masa. Ya kwashe kayan guga daga tebur, sai ga kwalin a ƙasansu. Haruffan tsakiya sun goge saboda yawan bugu.

Ya ƙwala kira, "'Yar Baba! Zo ki ga abin da na ce miki!"

Ta fito da kumfar wanki a hannu, ta duba daga nesa. "Ta yi kyau, Baba. Allah ya sa alheri." Ta koma wankinta.

Gargaɗi

Ni dai alkawarin da na yi shi ne ba za ka sayi mummunar kwamfuta ba, kuma na cika. Ba ruwana da shekarar da za ta salwanta, ko matar da za ta riƙa amsa maka da "to" kawai, ko 'yar da za ta daina roƙonka komai. Kada kowa ya zo mini gida da ƙorafi. Mai neman ƙarin bayani ya nemi Bari-Tukuna. Zai same shi a kujera mai juyawa, kwamfuta lulluɓe da mayafinta, kwalin nan a cinyarsa. Yayata ta ce a zubar da shi, ya ce bari tukuna.