Yadda Za Ka Gano Hanyar Tauraron Ɗan'adam Ba Tare da Ka Ɓata wa Oga Rai Ba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko bakinku ciwo yake?

Kai da aka ɗauka aiki a tashar bibiyar tauraron ɗan'adam, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari tauraron zai bi hanyar da ka zana masa a takarda, kujerarka kuma ba mai taɓa ta. A bakin jikana na koya, shi ma ya taɓa wannan aikin.

1. San inda kake tsaye. Masana sun ce ba a auna na sama sai an san daidai inda farantin eriya yake a ƙasa. A tasharsu jikana an matsar da farantin bayan gini don a kafa wa motar Oga rumfa, kwamfuta kuwa har yau tsohon wurin farantin ta sani. In ka tarar da haka, kada ka gyara. Oga ya ce ba a matsar da komai ba.

2. Auna. Duk wucewar tauraron, ɗauki nisansa da gudunsa. Lissafi zai ce ga shi nan, shi kuma ya ɓullo can. Sha ruwa.

3. Tsince. Awon da ya saɓa wa lissafinka marar tarbiyya ne, goge shi. In guda ɗaya ya rage, to shi ne ɗan halak.

4. Nemi mai laifin da ba shi da baki. Rana, gajimare, agogon bango. Ban taɓa jin gajimare ya kai ƙara ba.

5. Kama bakinka. Nan jikana ya faɗi. Ana tsakiyar taro ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, anya ba farantin da aka matsar ba ne?"

Oga ya zare tabarau. "Kai ka gan shi yana tafiya?"

"A'a, yallaɓai."

"To tauraron ne ya kauce. Rubuta haka."

Ɗan banzan yaro, mai taurin kan kakansa, ya ƙi rubutawa.

Ni dai tsohuwa ce, ko fitila ban iya kunnawa a waya ba. In tauraron naku ya faɗo kan gidan wani, ban san ka ba, ba ka san ni ba.

Oga an ƙara masa girma. Tauraron yana can yana yawonsa, har yau nemansa suke. Jikana kuwa, tun da aka sallame shi, rufin mutane yake hawa yana saita musu farantin talabijin, kuma farantin ba ya karkacewa.